Shin Wanda Ya Mallaki Dabba Ya Mallaki Lokacinta?

Malaman fiƙihu, Allah Ya saka musu da alheri, ba su bar wani lungu na sha'anin dabbobin ni'ima ba face sun shiga sun bincika shi: sun faɗi yadda ake sayen saniya da yadda ake mayar da ita in aibi ya bayyana, sun ƙididdige abin da ke kan garke na zakka, sun bayyana wanda zai yi ramuwa in tumaki sun faɗa gonar wani da dare, har sun yi magana a kan raƙumin da aka tsinta a daji, ko a kama shi ko a ƙyale shi ya ci gabansa. Amma akwai wata mas'ala wadda zamaninsu bai tilasta musu su ware mata babi ba, domin a kwanakinsu babu mai ikon aikata abin da za a yi tambaya a kansa. Mutum ya sayi karsana da kuɗinsa na halal, babu gardama tasa ce, in ya so ya sayar, in ya so ya yanka, in ya so ya kyautar. To, shin wannan mallaka ta haɗa har da kwanakin da Allah Ya ɗibar mata na girma da shayarwa da kiwo da hutawa, ta yadda in ya sami dabarar taƙaita su sai ya taƙaita, babu abin da ke kansa? A da, kome gaggawar ardo, tilas ya jira damina kafin shanunsa su yi ƙiba. Yau kuwa ana ƙyanƙyashe ɗan tsako a yanka shi yana da mako 6, ana kunna wa kaji fitila da dare don su zaci gari bai yi duhu ba su ci gaba da ci da saka ƙwai, ana raba maraƙi da uwarsa kwana ɗaya ko biyu da haihuwa, ana kuma tsare sa a cikin rumfa ya rayu ya mutu bai taɓa sa baki a ɗanyar ciyawa ba. Tun da abin ya zama mai yiwuwa, tambayar ta zama wajibi.

Abin da ya ja hankalina ga wannan mas'ala shi ne al'amarin wasu gandaye a ƙasar Ingila, waɗanda masu su suka ɗaure kansu da kansu da wata ƙa'ida, suka ce sun bar takin zamani, sun bar maganin feshi, sun bar ɗura wa lafiyayyar dabba magani, za su bi shekara yadda ta zo. Suna kiran wannan hanya noman oganik. Mafi shahara a cikinsu shi ne gandun da ke kusa da garin Tetbury a yankin Gloucestershire, wanda bai gaza eka 900 ba, wanda kuma Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, ya fara juya shi zuwa wannan tafarki a 1986, alhali manyan manoman ƙasar da 'yan jarida suna yi masa dariya, suna cewa ɗan sarki ya rasa abin yi. Shi kuwa ba shi ya ƙago hanyar ba. Sir Albert Howard, wanda ya yi shekaru yana aikin gona a Indiya yana lura da yadda talakawan can suke sarrafa taki, ya fitar da littafinsa a kan haka a 1940. Lady Eve Balfour ta bi bayansa da nata a 1943. A 1946 kuma aka kafa ƙungiyar Soil Association, wadda har yau take aika masu bincike gandu gandu, su duba littattafai da rumbuna da dabbobi, kafin ta yarda mutum ya manna tambarinta a kan namansa ko madararsa.

Shekarar makiyayin tumaki a irin wannan gandu tana farawa ne a lokacin da ta sauran mutane take ƙarewa, wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ranar da ake sakin raguna cikin tumaki. Akan shafa wa kowane rago wani launi mai maiƙo a ƙirji, ta yadda duk tunkiyar da ya hau zai bar mata alama a gindin baya, bayan 'yan kwanaki kuma a sake launin, don makiyayi ya san wadda ta riga ɗauka da wadda ta makara. Zaɓen wannan rana kuwa lissafi ne wanda aka yi shi daga ƙarshe zuwa farko: tunkiya tana riƙe ciki wata 5, sabuwar ciyawa ba ta tasowa sosai sai Afrilu, saboda haka wanda ya saki rago a farkon Nuwamba ya yi nufin 'ya'yan su faɗo daidai da tsirowar ciyawar da za ta cika hantsar uwayensu. Mai takin zamani yana iya watsa buhu ya zaburar da ciyawa ta riga lokacinta, mai abincin kamfani yana iya haifar da 'yan tumakinsa a tsakiyar hunturu don ya riga kowa kai su kasuwa; shi wannan ya rage wa kansa waɗannan hanyoyi, sai ya jira ƙasa ta yi ɗumi.

Daga nan sai hunturu, wanda rana take faɗuwa a cikinsa wajen ƙarfe 4 na yamma, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi har ya zama in an bar shanu a kanta za su tattake ta su kashe saiwar ciyawa. Sai a shigar da su rumfuna, a shimfiɗa musu tattakar alkama, a riƙa ba su ingiricin da aka tanada, kashinsu da fitsarinsu suna cakuɗuwa da shimfiɗar, ana tarawa gefe guda yana ruɓewa. A wannan lokaci ne ake gyaran shingayen itatuwa masu rai da ke tsakanin gonaki, gama dokar ƙasar ta hana datse su daga farkon Maris zuwa ƙarshen Agusta saboda tsuntsaye masu sheƙa a ciki. In Maris ya yi nisa sai haihuwa ta kankama, makiyayi ya yi sallama da barci. Yakan zaga da tocila cikin dare, ya durƙusa ya sa hannu ya juya ɗan da ya zo a karkace, ya shafa masa aidin a cibiya, ya tabbata ya sha dakashi tun a sa'o'in farko, domin wanda ya rasa dakashi da wuya ya kai labari. In wata tunkiya ɗanta ya mutu, wata kuma ta haifi uku alhali nononta biyu ne, sai ya feɗe mataccen, ya sa wa ɗaya daga cikin ukun fatar, ya kai shi gaban mai makoki. Ita kuma ta sunsuna, ta ji ƙanshin nata, ta tsaya ya kama nono. Bayan kwana biyu ko uku sai a cire fatar, ta riga ta karɓe shi. A Afrilu ake buɗe wa shanu ƙofa, su fito da gudu suna tsalle suna harbin iska, tsofaffin shanu masu nauyi, kamar yaran makarantar allo da malam ya tasa ranar Laraba.

Sauran shekara tafiya ce mai sauri. A Mayu da Yuni a aske wa tumaki gashi, a yanke ɗanyar ciyawa a danne ta a rufe ta yi tsami, a Yuli a shanya ingirici ana duban sama da fargabar ruwa, a Agusta a girbe alkama, da kaka a watsa takin da ya ruɓe, a ware tumakin da haƙoransu suka zube, a sake sakin raguna. Ginshiƙin al'amarin duka wata ciyawa ce mai ganye uku-uku, dangin wake da gyaɗa, wadda saiwarta take da 'yan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin halitta suke zaune suna jawo naitirojin daga iska suna ajiye shi cikin ƙasa. Akan bar gona ƙarƙashinta shekara 2 ko 3 dabbobi suna kiwo, sa'an nan a kife ta a shuka alkama a kan ƙarfin da ta bari, sai wake da sauran hatsi, har ƙasa ta nuna gajiya a sake mayar da ita kiwo. Haka nan ake sa shanu su bi bayan tumaki a makiyaya, tumaki su bi bayan shanu, saboda yawancin tsutsar cikin wannan ba ta kama wancan. Ƙa'idar noman oganik ta ce maraƙi zai sha madara ta ainihi wata 3 a ƙalla, ɗan tunkiya kwana 45, mafi yawan abincin mai tuƙa ya zama ciyawa, in kuma larura ta sa aka yi wa dabba allura, to kwanakin da doka ta ce a jira kafin a sayar da namanta ko nononta sai a ninka su.

Wanda ya ji wannan zai ce, mene ne ya kai mutanen da suka fi kowa injuna ga ɗaure hannuwansu haka? Amsar tana cikin abin da suka gani a ɗaya hanyar. Bayan yaƙin duniya na biyu, noma a Turai ya zama sana'ar gaggawa, har aka kai ga niƙa ragowar gawarwakin shanu da tumaki daga mahauta, nama da ƙashi, a busar, a zuba cikin abincin shanu, domin yana da araha yana kuma ƙara madara. A 1986 aka gane wata sabuwar cuta a shanun Ingila, mai cin ƙwaƙwalwa, saniya ta riƙa tangaɗi tana faɗuwa. A 1988 aka hana ba shanu wannan gari. A Maris na 1996 gwamnati ta fito ta ce ga alama cutar tana kama mutanen da suka ci naman. Kafin ƙura ta lafa an hallaka shanu fiye da miliyan 4, mutane fiye da 170 sun mutu, da yawansu matasa. Ɗalibin fiƙihu in ya ji wannan labari dole zuciyarsa ta tafi ga babin jallala, watau dabbar da ta mayar da ƙazanta abincinta, wadda hadisi ya zo a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi da hani ga cin namanta da shan nononta, har aka ruwaito Abdullahi ɗan Umar yakan tsare irin wannan kaza kwana 3 kafin ya yanka. Malamanmu na Malikiyya sun sassauta a kan naman, amma sun hukunta fitsarinta da kashinta da najasa, alhali na 'yar'uwarta mai cin ciyawa mai tsarki ne. Ba na cewa magabata sun hango cutar haukan shanu, gama irin wannan da'awa tana mayar da ilimi wasa. Abin da babin yake tabbatarwa shi ne, Shari'a ta ɗauki abin da dabba ta ci tun tana da rai a matsayin abin tambaya, ba ta fara lissafi daga ranar da wuƙa ta hau wuya ba.

Asalin mas'alar kuwa yana komawa ga ma'anar horewa. Alƙur'ani mai girma ya ambata a wurare da yawa, a Suratun Nahli da Yasin da wasunsu, cewa Allah Ya hore wa ɗan Adam dabbobin ni'ima, ya hau, ya ci, ya sha, ya yi sutura, har ma ya ji daɗin kallonsu in sun fita da safe da in sun dawo da yamma. A Suratul An'ami kuma Ya sanar da mu cewa su ma al'ummai ne kamar mu. Wanda ya riƙe aya ta farko ya manta ta biyu zai ɗauka an ba shi na'ura ce mai numfashi. Wanda ya haɗa su zai gane an ba shi amfani ne bisa amana, Mai asalin mulki kuwa yana nan, zai kuma tambaya. Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Misira a shekara ta 660 ta Hijira, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a cikin littafinsa na ƙa'idojin hukunce-hukunce, ya ambaci ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi rashin lafiya har ba ta da sauran amfani, da kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, da kada a yanka 'ya'yanta a gaban idonta, da gyara mata makwanci da mashaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuma shi ne, ya lissafa haɗa mazansu da matansu a lokacin barbararsu cikin waɗannan haƙƙoƙi. Ga malami yana cewa dabba tana da wani lokaci nata, wanda in ya zo, mai ita ne ake bi bashi.

In muka duba ibadun da suka rataya da dabbobi sai mu ga haka nan. Layya ba ta inganta sai dabbar ta kai shekarun da aka iyakance: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya bi ta kanta, ta sa rago a kan shekara guda, tare da ambaton ƙaulin wata 8 da na wata 10, sa kuwa sai ya shiga ta huɗu. Wasu masu fatawa na zamani, ganin yadda ake turka maraƙi ya cika ido kafin lokacinsa, sun yi rangwame sun ce nauyi yana iya tsayawa a madadin shekaru; ni dai zuciyata ta fi natsuwa da maganar jumhuru, domin da nama kaɗai ake nufi da an ambaci ma'auni, sai ga shi haƙori aka ambata. Zakkar garke ba ta wajaba sai shekara ta kewayo. Akwai kuma wata ƙa'ida mai ban sha'awa a Muhtasar na Halilu da sharhohinsa, cewa mai karɓar zakkar dabbobi yakan fita ne a lokacin da Surayya, wadda mu muke kira Kaza Mai 'Ya'ya, take hudowa tare da alfijir, watau farkon zafi, sa'ad da garkuna suke taruwa a bakin ruwa. Addinin da ya gina azuminsa da hajjinsa a kan wata, da ya zo kan dabbobi sai ya sa ma'aikacinsa ya bi tauraro, don kada a wahalar da makiyayi da garkensa a kore su zuwa inda hukuma take so a lokacin da bai dace da su ba. Fuƙaha'u kuma sun hana a tatse saniya tatsar da za ta cutar da ɗanta, sun ce haƙƙinsa ne ke gaba, mai ita yana da abin da ya ragu. Duk wanda ya tara waɗannan zai ga hukuncin da ke ƙarƙashinsu, ko da ba a rubuta shi a babi guda ba: mallaka ta ba mutum amfanin dabba, ba ta ba shi izinin matse rayuwarta har ya cutar da ita ba.

Amma kada mai karatu ya yi saurin cewa ashe gandun Yarima shi ne sunna, buhun taki kuwa bidi'a. Nan ne mas'alar take da ƙaya. Gonar da ba a sa mata takin zamani, in an kwatanta da maƙwabciyarta, amfaninta yakan gaza da kusan kashi ɗaya cikin biyar ko cikin huɗu, alkama ma fiye da haka. Naman irin wannan gandu kuma ya fi tsada, masu sayensa a Landan mutane ne waɗanda yunwa ba ta taɓa hana su barci ba. Tun da Fritz Haber ya gano hanyar kamo naitirojin daga iska a 1909, aka kuma kafa masana'antarsa ta farko a Jamus a 1913, yawan mutanen duniya ya ninka fiye da sau huɗu, masu lissafi kuma suna cewa kusan rabinsu da takin da ake yi ta wannan hanya ake ciyar da su. Ƙasar Siri Lanka ta gwada hana shigo da takin zamani gaba ɗaya a Afrilu na 2021, dare ɗaya, ba shiri ba tanadi. Shinkafa ta faɗi, shayi ya faɗi, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta janye dokar, amma ɓarnar ta riga ta auku, ta kuma shiga cikin abubuwan da suka tunzura jama'a har shugaban ƙasar ya gudu a Yuli na 2022. Abin da Yarima ya yi a hankali cikin shekaru, da aljihun da zai iya ɗaukar hasara, shi aka ɗora wa talakawa da sa hannu guda.

Mu kuma a ƙasar Hausa muna da namu abin faɗi a nan, domin manominmu da bai sa buhu a gonarsa ba, galibi rashin kuɗi ne ya hana shi, ƙasarsa kuwa ta gaji, shekara da shekaru ana ɗiba ba a mayarwa. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006 a kan maganar taki, abin da ake sawa a kadada guda a ƙasashenmu bai wuce kilo 8 ba a matsakaici, suka yi alkawarin kai shi 50. Wanda zai je wa irin wannan manomi da wa'azin barin takin zamani, alhali yaransa suna kwana da yunwa a watan Agusta, ya jahilci maslaha, ya kuma manta cewa asalin abubuwa halacci ne, kiyaye rai kuwa yana gaba da kiyaye tambari. Tawakkali bai taɓa zama barin sababi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya dogara. Allurar rigakafin da ta kawar da bushiya daga doron ƙasa, cutar da ta share garkunan Fulani wajen 1890 ta kuma sake dawowa a 1983, har aka yi shelar ƙarewarta a 2011, rahama ce daga Allah ta hannun likitoci, babu mai hankalin da zai kira ta shisshigi. Su kansu masu noman oganik ƙa'idarsu ta wajabta yi wa marar lafiya magani, makiyayin da ya jinkirta wa saniya allura tana shan azaba don kada nononta ya fita daga tambari, ya yi zalunci irin wanda yake zargin wasu da shi, in ma bai fi ba, tun da shi da sunan tausayi yake cin kasuwa.

Akwai kuma wani abu wanda masu yabon waɗannan gandaye ba su cika faɗi ba. Abin da ya ba mai gandu damar jiran ciyawa shi ne ciyawar tasa ce, shinge ya kewaye ta, ya san in ya hutar da wannan fage bana zai same shi baɗi babu wanda ya taɓa. Haƙuri da lokaci yana bukatar wuri. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya keɓe hurumi don dabbobin baitulmali, ya yi wa mai tsaronsa, wani 'yantaccen bawansa mai suna Hunayyu, wasiyya wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garkunan Ibn Aufu da Ibn Affana, domin su in dabbobinsu sun hallaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa in nasa sun hallaka wurin Umar zai zo da 'ya'yansa yana kuka. A ƙasarmu akwai tsohuwar yarjejeniya wadda ba a rubuta ba: da kaka, in an kawar da amfani, manomi ya kira Bafillace ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da karmami su bar masa taki, ya ba da damin gero, matan ruga su kawo nono, gawo yana tsaye a tsakiyar gona, ya zubar da ganye da damina don hatsi ya sami rana, ya yi ganye da 'ya'ya da rani don dabbobi su sami abinci da inuwa, jakuna kuma suna fita daga birnin Kano da mangalolin taki zuwa karkara. Duk abin da Howard ya rubuta, kakanninmu suna aikata mafi yawansa. Abin da ya rushe shi kuwa ƙuncin ƙasa ne da rashin adalci: an nome burtali, an gine mashaya, huruman da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin keɓewa yawancinsu ba a tabbatar da su ba, waɗanda aka tabbatar kuma masu ƙarfi sun yanyanka. Makiyayin da ba shi da inda zai tsaya, ba a yi masa maganar hutar da makiyaya.

Saboda haka hukuncin da na tsaya a kai shi ne, gaggawa a kan dabba ba ta haramta don kasancewarta sabuwa, tana haramta ne a inda ta zama cuta ga dabbar, ko ga ƙasar da za a bar wa na baya, ko ga mai cin da bai san abin da aka ba shi ba. Mai turka rago da harawa da dusa da kanwa, ya ɗaure shi a inuwa yana wanke shi, ya gaggauta ƙibarsa, babu kome a kansa. Mai cusa kaji a akurki har ba su iya miƙa fiffike, waɗanda ƙirjinsu ya yi nauyin da ƙafafunsu ba su iya ɗauka, yana zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha tun daga ranar farko har safiyar da zai kai su kasuwa, wannan ya haɗa cutar da dabba da algus ga mai saye, ko da an yanka su an fuskanci alƙibla an ambaci sunan Allah. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don ƙiba kawai tun 2006, bayan da likitoci suka nuna cewa yawan shansu yana koya wa ƙwayoyin cuta jure musu, har ya zama ranar da mutum ya kwanta asibiti maganin ba ya ci. A kasuwanninmu kuwa kowa yana sayen kwalbar irin wannan magani a kan tebur, ya yi wa saniya allura da yamma, da safe nononta yana cikin ƙwarya ana talla.

A jikin kowace irin wannan kwalba an rubuta adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Ina roƙon malamanmu masu tafsiri da masu huɗuba, waɗanda suke bayyana wa jama'a sharuɗɗan yanka da aibobin dabbar layya kowace shekara ba gajiyawa, su ƙara wannan a cikin karatunsu, su gaya wa mai kiwon kaji da mai turka da mai tallar nono cewa cika waɗannan kwanaki wajibi ne, sayarwa kafin su cika kuma ha'inci ne wanda mai saye yake da haƙƙin mayar da kaya saboda shi.